Gizo-gizo da 'yan hayar cikinsa: tarihin wani gwaji daga Legas zuwa Sandamu

Mai karatu, in ka sami kanka a ƙauye bayan an gama yankan gero, ga wani abu da za ka gwada. Da dare ka ɗauki tocila, ka ɗora ta a goshi dab da idanunka, ka haska gona. Za ka ga wasu ɗige-ɗige suna ƙyalli kamar raɓa, alhali ba lokacin raɓar ba ne. Idanun gizo-gizon ƙasa ne, irin waɗanda ke farauta da gudu ba tare da sun saƙa yana ba. A can bayan idonsu akwai wani shafi da ke mayar da haske. Haka na yi dare uku a gonarmu ta Sandamu, nan kusa da Daura, ina tsintarsu ina jefawa cikin ƙananan kwalabe masu sinadarin itanol. Da rana kuma in bi ƙarƙashin rumbuna da lungunan ɗakuna ina kamo tautau. Kakata ta dube ni ta ce, "Kai yanzu duk karatun nan naka a kan Gizo ya ƙare? To, in ka je ka gaida Ƙoƙi."

Abin da nake nema ba a ganinsa da ido. Wasu bakteriya ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin jikin ƙwari da danginsu, suna bin ƙwai daga uwa zuwa 'ya'ya kamar gado. A wannan rubutu zan riƙa kiransu 'yan haya, don a gidan wani suke zaune: wasu suna biyan kuɗin haya ta hanyar amfanar da mai gida, wasu kuwa su ne ke juya gidan. Mafi shahara a cikinsu ita ce Wolbakiya.

Zan faɗa maka abin da ya faru da kwalabena. Amma ba za ka ga inda na yi tuntuɓe ba sai ka san yadda aka yi sama da shekara ɗari ana bin sawun waɗannan halittu. Kuma wani babban ɓangare na labarin a ƙasar nan ya fara.

Malam-buɗe-littafin da babu maza a zuriyarsa

Tsakanin 1910 da 1912, wani likita Baturen Ingila mai suna W. A. Lamborn yana aiki a yankin Legas, yana kuma kiwon malam-buɗe-littafi a lokacin hutunsa. A wani nau'i da masana ke kira Acraea encedon ya lura da abin mamaki: wasu iyaye mata suna haifar maza da mata kamar yadda aka saba, wasu kuwa duk 'ya'yansu mata ne zalla, haka ma jikokinsu. Ya aika da bayanansa ga Farfesa Edward Poulton na jami'ar Okusfod, wanda ya wallafa su a 1914. An rubuta abin da aka gani, amma dalilinsa ya gagara, domin kayan aikin da za su nuna shi ba su zo duniya ba tukuna.

Shekara goma bayan haka, a 1924, wasu masana biyu a jami'ar Habad ta Amurka, Marshall Hertig da Simeon Burt Wolbach, suka feɗe sauron gida nau'in Culex pipiens, suka duba mahaifarsa a madubin hangen ƙananan halittu. Suka ga wasu 'yan mitsi-mitsin bakteriya cunkushe cikin ƙwayoyin ƙwai. Shi wannan Wolbach ba baƙon Afirka ta Yamma ba ne, don a 1911 ya zo Gambiya binciken ciwon barci. A 1936 Hertig ya raɗa wa bakteriyar suna Wolbachia pipientis don girmama abokin aikinsa. Daga nan aka kusan mantawa da ita. Ba ta sa wa mutum ciwo, ba ta kuma tsirowa a farantin da ake renon bakteriya a ɗakin gwaji. Abin da ba ya tsirowa a faranti kuwa, a wancan zamani da wuya a iya nazarinsa.

A daidai waɗannan shekaru ana ta fama da tsando a Arewacin Nijeriya, saboda ciwon barci a jikin mutane da sammore a jikin shanu. A 1929 wani matashin masani, Vincent Wigglesworth, ya wallafa bincike kan yadda tsando ke narkar da jini, inda ya yi bayanin wani yanki na hanjinsa da ke cike da bakteriya. Daga baya aka gane cewa jini bai wadatar da tsando da wasu sinadaran bitamin ba, waɗannan bakteriya ne ke samar masa, kuma in aka kashe su macen ba ta iya haihuwa. A 1995 Serap Aksoy ta sa musu suna Wigglesworthia. Ka ga ɗan haya mai biyan kuɗinsa ke nan.

Yadda Wolbakiya ke juya gida

A shekarun 1950 wani Bajamushe, Hannes Laven, ya yi ta haɗa sauron Culex na garuruwa daban-daban. Sai ya ga wani lokaci in namijin wannan gari ya sadu da macen wancan, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, amma in aka juya haɗin komai lafiya. Ya kuma gano cewa ta wajen uwa ake gadon wannan hali. Bai kai ga sanadin ba, amma ya ga amfanin abin. A 1967, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya riƙa sakin mazan sauro da jininsu bai haɗu da na matan wurin ba a ƙauyen Okpo na ƙasar Bama. Cikin kimanin wata uku ƙwan sauron ƙauyen suka daina ƙyanƙyashewa. An yi amfani da Wolbakiya a matsayin makami ba tare da an san ita ce ba.

Sai a 1971 Janice Yen da Ralph Barr suka haɗa zaren biyu: bakteriyar Hertig ita ce ke haddasa abin da Laven ya gani. Hujjarsu ta biyo baya da suka ba wa sauron maganin kashe bakteriya na tetirasaikilin. Da Wolbakiya ta mutu, sai mazan suka daina lalata ƙwai.

To me ya sa take yin haka? Ka tuna, ta cikin ƙwai kaɗai take wucewa. Namiji a wurinta hanya ce da ba ta ɓullewa. Saboda haka duk dabarar da za ta fifita mata masu ɗauke da ita riba ce a gare ta, kuma masana sun gano dabaru huɗu. Ta farko ita ce wadda Laven ya gani: namiji mai ɗauke da ita in ya sadu da mace marar ita, ƙwan ya lalace, amma mace mai ita tana haihuwa da kowane namiji. A hankali sai masu ita su mamaye gari. Ta biyu, ta kashe 'ya'ya maza tun suna cikin ƙwai, 'yan'uwansu mata su samu abinci a wadace. Ta uku, ta mayar da wanda ya kamata ya zama namiji ya tashi a mace. Ta huɗu, a wasu ƙananan dangin zanzaro, ta sa mace ta haifi mata ba tare da namiji ba sam.

Zuwan injin kwafi

Har zuwa shekarun 1980, in kana son sanin ko ƙwaro na ɗauke da ɗan haya, sai ka feɗe shi ka duba, ko ka yi watanni kana kiwonsa kana haɗa aure. Abubuwa uku ne suka sauya wannan.

Na farko, a 1977 Carl Woese da George Fox suka nuna cewa akwai wani yanki na kayan gado, wanda ake kira 16S, da kowace bakteriya ke da shi, amma jerin haruffansa ya ɗan bambanta daga dangi zuwa dangi. Kamar tsagar fuska ce a zamanin da: ka duba ka san gidan da mutum ya fito, ko da bai buɗe baki ba.

Na biyu, a 1983 Kary Mullis ya fito da dabarar PCR, wadda ta sa ya sami lambar Nobel a 1993. Ka ɗauke ta a matsayin injin kwafi na DNA. Za ka zuba DNA ɗin da ka tatso a wani ɗan bututu, ka ƙara wasu gajerun guntaye biyu da aka ƙera su yi daidai da farko da ƙarshen yankin da kake nema. Ni ina kiransu 'yan jagora. Injin zai ɗumama bututun zuwa wajen digiri 94 igiyoyin DNA biyu su rabu, ya sauko wajen 55 'yan jagora su manne a inda suka dace, ya hau 72 wani sinadari mai gini ya kwafe tsakaninsu. Kowane zagaye adadin yana ninkawa. A lissafi, zagaye 30 zai mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan ɗaya.

Na uku, shi wannan sinadari mai gini dole ya jure zafi. An samo shi daga wata bakteriya, Thermus aquaticus, da Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a shekarun 1960. Daga 1988 aka fara amfani da shi a PCR, aikin ya zama na sa'o'i kaɗan.

Bayan an gama, sai a zuba abin da aka samu a wani jel mai kama da daskararren koko, a sa masa lantarki. Guntayen DNA za su yi tafiya gwargwadon tsawonsu, a haska su da fitila ta musamman. In layi ya fito a inda ake zato, sai a ce an samu. Yankin wsp da aka fi amfani da shi wajen neman Wolbakiya tun 1998 yana ba da layi mai tsawon haruffa kusan 600.

Da wannan makami sai labari ya sha bamban. A 1992 Scott O'Neill da abokan aikinsa suka karanta 16S na bakteriyar da ke lalata ƙwai a ƙwari iri-iri, suka ga duk dangi ɗaya ne. A 1995 John Werren ya gwada ƙwarin daji a ƙasar Panama, ya sami Wolbakiya a kusan kashi 17 cikin 100 na nau'o'in da ya duba. A 2000 wasu masana a Fulorida suka yi amfani da PCR mai ƙarin kaifi, suka samu kashi 76 cikin 100 a nasu samfurin. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya faɗa tsakanin kashi 40 da 66. Ka lura da wannan tazara, mai karatu: adadin da ake samu ya danganta da irin gwajin da aka yi da kuma yawan ɗaiɗaikun da aka gwada a kowane nau'i.

Shi kuma malam-buɗe-littafin Lamborn? A 1998 da 1999 Francis Jiggins da Gregory Hurst da abokan aikinsu suka bi wannan nau'i a Yuganda, suka tabbatar cewa Wolbakiya ce ke kashe mazan tun a ƙwai. Tambayar da aka yi a Legas ta jira kusan shekara casa'in kafin ta sami amsa.

Aka waiwayi gizo-gizo

Gizo-gizo ba ƙwaro ba ne a lissafin masana. Ƙafarsa takwas, ba shi da fiffike, kuma ya fi kusa da kunama da kaska. Nau'o'insa da aka sa wa suna sun haura 50,000 a shekarar 2022. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna cewa a duk shekara suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙananan halittu, galibinsu ƙwari. Wato shi ma ma'aikaci ne a gonar gero da wake, ba ya karɓar ko sisi.

An makara kafin a duba cikinsa. A 2000 aka ba da rahoton Wolbakiya a wani babban gizo-gizo mai saƙa yana a Koriya ta Kudu. A 2004 aka samu a nau'o'i da dama a Ostireliya. A 2006 Sara Goodacre da abokan aikinta a Ingila suka gwada sama da nau'i ɗari, suka tarar ba Wolbakiya kaɗai ba ce, akwai Rickettsia da Spiroplasma, wani lokaci biyu ko uku a jiki ɗaya. A 2008 Olivier Duron ya nuna cewa wata kuma, Cardinium, ta fi yawa a gizo-gizo fiye da yadda ake samunta a ƙwari.

Daga nan tambaya ta koma kan abin da suke yi a can ciki. Ka san ƙananan gizo-gizo suna tafiya a iska? Sukan hau kan tsinken ciyawa, su ɗaga ciki sama, su saki zare, iska ta kwashe su. Ta haka suke isa sabuwar gona bayan an yi huɗa. A 2009 Goodacre ta nuna cewa a wani ƙaramin nau'i na gonakin Turai, Erigone atra, matan da aka kashe wa Rickettsia da magani sun fi masu ɗauke da ita son wannan doguwar tafiya. Wato ɗan haya na da ta cewa har a kan ko mai gida zai yi ƙaura. A 2011 masana a Beljiyam suka nuna Wolbakiya na kashe maza a nau'in Oedothorax gibbosus. A jihar Kentaki ta Amurka kuwa, ɗakin binciken Jennifer White ya shafe shekaru kan wani ɗan mitsitsin gizo-gizon gona, Mermessus fradeorum, wanda kan ɗauki 'yan haya har biyar a lokaci guda: Wolbakiya na mayar da maza mata, wata mai suna Rickettsiella kuma tana lalata ƙwai irin yadda Laven ya gani a sauro.

Duba sunayen ƙasashen nan: Koriya, Ostireliya, Ingila, Beljiyam, Amurka. Kusan duk abin da aka sani daga can ya fito. Ga kuma wani dalili da ya sa wuri irin Sandamu ke da muhimmanci. Gwaje-gwaje a kan sauro sun nuna cewa zafi mai tsanani yana rage yawan wasu nau'o'in Wolbakiya a jiki, har uwa ta kasa miƙa ta ga 'ya'yanta. A ƙasar Daura kuwa zafin bazara kan haura digiri 40, sannan a shafe wata bakwai zuwa takwas babu ruwan sama. Ɗan hayar da ya iya zama a jikin gizo-gizon da ke ƙarƙashin rumbunmu a watan Afrilu yana da darasin da zai koyar.

Me ya shafe ka?

Wataƙila ka ce, irin ta kakata, duk wannan wahala a kan Gizo? To, bin sawun Wolbakiya ya riga ya shiga asibiti. Tsutsotsin da ke kawo tundurmi da makantar bakin kogi, cututtuka biyu da Nijeriya ta daɗe tana fama da su, su ma suna da Wolbakiya a jikinsu, kuma ba sa iya rayuwa yadda ya kamata in babu ita. Tun shekarun 1970 aka hango bakteriya a cikinsu, amma sai a 1995 gwajin DNA ya faɗi sunanta. A 2000 Achim Hoerauf da abokan aikinsa suka gwada maganin doksisaikilin na mako shida a kan masu makantar kogi a Gana. Maganin ya kashe bakteriyar, tsutsotsin suka daina haihuwa. Wannan fa aikin likita ne, don maganin bai dace da masu ciki da ƙananan yara ba.

Sai kuma zazzaɓin dengi. Sauron Aedes aegypti da ke yaɗa shi galibi ba ya ɗauke da Wolbakiya. Ayarin O'Neill ya ɗauko ta daga ƙudan 'ya'yan itace ya dasa masa, aka ga tana hana ƙwayar cutar yaɗuwa a jikinsa. A 2011 aka fara sakin irin wannan sauro kusa da birnin Cairns na Ostireliya. A birnin Yogyakarta na Indonesiya, sakamakon gwajin da aka wallafa a 2021 ya nuna dengi ta ragu da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya asibiti kuma ta ragu da kashi 86. Dengi ba labarin nesa ba ne, don a ƙarshen 2023 an tabbatar da ɓullarta a Sakkwato.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu mu dawo kan kwalabena. Na kai su ɗakin gwaji, na niƙe kowane gizo-gizo ɗungurungum, na tatso DNA, na sa a inji. Ranar da na haska jel na ga layuka sun jeru a daidai wurin, wallahi har na fara tsara taken takarda a zuciyata. Na ɗauki hoton na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wane ɓangare na jikin ka niƙa?" Na ce, "Duka, Malam." Ya ce, "To shi tautau ɗin da ka kamo a ɗakin kakarka, me ya ci daren jiya?"

Nan jikina ya yi sanyi. Sauron Culex da ke kuka a kunnenka da dare kusan kowannensu na ɗauke da Wolbakiya. Shi kuwa gizo-gizo yana zuba wa abin da ya kama ruwan narkarwa ne, ya tsotse romon, kuma DNA na abincin kan yi kwanaki a cikinsa. Injin da ke mayar da kwafi ɗaya biliyan ba ya tambayar ko bakteriyar 'yar gida ce ko kuwa a cikin tuwon dare ta shigo. Kai, ko yanar ma tana riƙe shaida: wani bincike na 2015 ya gano DNA na gizo-gizo da na abin da ya ci a jikin yana bayan kwana 88.

Malam bai tsaya nan ba. Ya nuna min ramin ƙarshe na jel ɗin, inda na zuba ruwa zalla a madadin DNA don ya zama shaida. A can ma akwai wani siririn layi, dishi-dishi, wanda ɗoki ya hana ni gani. Ma'ana wani abu ya gurɓata kayan aikina. Aikin sati uku ya tafi kwandon shara, kuma laifin nawa ne.

Ba ɗalibai kaɗai wannan tarko ke kamawa ba. An daɗe ana cewa sauron Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba ya ɗauke da Wolbakiya. A 2014 Francesco Baldini da abokan aikinsa suka ba da rahoton samunta a Anopheles gambiae a ƙauyukan Burkina Faso, a 2017 wasu suka samu a Mali. Murna ta kama kowa, musamman mu da ƙasarmu ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya. Amma yawancin waɗannan rahotanni sai da aka yi PCR sau biyu a jere kafin layi ya fito. A 2019 Ewa Chrostek da Michael Gerth suka sake duba bayanan, suka nuna cewa DNA ɗin da ake samu ya yi kaɗan ƙwarai in aka gwada da yawan ƙwayoyin jikin sauron, kuma yana iya fitowa daga abin da tsutsar sauron ta ci a ruwa ko daga wasu halittu da ke jikinsa. Har yau masana na muhawara a kan wannan nau'i. A 2021 kuwa Thomas Walker da ayarinsa suka kawo hujja mai ƙarfi a kan wasu nau'o'i biyu, Anopheles moucheti da Anopheles demeilloni na tsakiyar Afirka: sun nuna bakteriyar da yawa, sun haska ta a cikin mahaifa an gan ta da ido, sun kuma karanta kundin gadonta.

Akwai tarko na uku, wanda ya fi sauran wayo. Wani lokaci guntayen DNA na Wolbakiya kan shige cikin kundin gadon mai gidan su zauna har abada. An fara ganin haka a 2002 a wani ƙwaron wake na Asiya, ɗan'uwan wanda ke huda mana wake a buhu. A 2007 aka tarar da kusan dukkan kundinta a cikin na wani ƙudan 'ya'yan itace. An kuma samu irin haka a tsando. A irin wannan hali ɗan haya ya daɗe da tashi, amma sunansa na nan rubuce a bango, kuma PCR zai karanta shi.

Abin da zagaye na biyu ya ƙunsa

In kai ɗalibi ne a Katsina ko Dutsin-Ma ko Kano ko Zariya, kana shirin irin wannan aiki, ga abin da tuntuɓena ya koya min. Ka jefa samfurinka cikin itanol mai ƙarfi nan take, kowane ɗaya a kwalbarsa, ka rubuta wuri da rana da fensir a 'yar takarda ka saka ciki, don itanol na wanke tawadar biro. Ka nemi wuri mai sanyi, kar ka dogara da firijin da ba ya samun wuta. In da hali ka bar gizo-gizon da rai wasu kwanaki ba abinci kafin ka kashe shi. Ka wanke bayan jikinsa, sannan ka yi amfani da ƙarshen ƙafafu, domin rassan hanjinsa suna kaiwa har gindin ƙafa. Kowane gwaji ka sa shaidu biyu: ruwa zalla wanda bai kamata ya ba da layi ba, da samfurin da ka tabbatar yana da bakteriyar. Ka gwada DNA na shi kansa gizo-gizon, don ka san tatsar ta yi kyau, ka kuma tabbatar da nau'insa. Kada ka tsaya kan yanki ɗaya, ka nemi biyu ko uku, sannan ka aika a karanta jerin haruffan.

Hujjar da ta fi duka ita ce ƙwai. In ka sami mace ɗauke da jakar ƙwanta, ka reni 'ya'yan, ka gwada su kafin su taɓa cin komai. In bakteriyar na jikinsu, daga uwarsu suka gada. Wannan shi ne aikin da Lamborn ya yi a Legas da hannu da haƙuri, sai dai kai kana da injin da shi bai samu ba.

Da na koma gida da damina na faɗa wa kakata cewa aikin farko ya lalace, zan sake. Ta ce ai dama ba a taɓa kama Gizo a karon farko ba. Matan gizo-gizon ƙasa suna yawo da jakar ƙwansu manne a bayansu, kuma da tocila a goshi ba su da wuyar gani a kunyoyin gyaɗa. Su nake bi yanzu.